Bentonait ko siminti? Muhawara kan cikon ramin da ake ɗumama gida da shi

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar haƙa. Karatu nake yi a kudancin Jamus, kuma aikin da aka ba ni na wannan zangon ya shafi ramukan da ake haƙawa a harabar gida don ɗumama ɗakuna da hunturu, a kuma sanyaya su lokacin zafi. Ga wanda bai san abin ba: rami ne kamar na rijiyar burtsatse, mita 100 ko fiye, sai dai ba ruwa ake nema ba. Bututun roba ake zurawa ya sauka har ƙasa, ya lanƙwaso ya dawo, ruwa na zagayawa a cikinsa. Da yake zafin can ƙasa ba ya canzawa, a nan digiri 10 zuwa 12 ne duk shekara, ruwan kan ɗebo ɗumi ya kawo wa injin da ke cikin gida. Bayan an zura bututun sai a cike sauran ramin da kwaɓi. Littattafan Amurka bentonait suke ta yabo, wato wani yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa, amma buhunan da nake gani a wuraren aiki a nan siminti ne ya fi yawa a cikinsu. Wa ke da gaskiya?

Baba Mai Burtsatse: Wa alaikumus salam. Yaro, dakata tukuna. A kawo inji, a ƙone gas, a haƙa mita ɗari, sannan a mayar a toshe? Lallai Bature ya ƙoshi. Mu nan bentonait wajen haƙa muke amfani da shi. A dama shi a ramin laka, famfo ya tura shi ƙasa, ya riƙe bangon rami kada ya rufta, ya kuma fito da ɓarɓashin dutse. Idan an gama an sa kesin, wato bututun da ke riƙe ramin, da tsakuwa, sai mu zuba siminti a 'yan mitocin sama don kada ruwan kwata ya bi jikin kesin ya gangara. Ban taɓa jin an cika rami da shi tun daga ƙasa har sama ba.

Hajiya Injiniya: Baba, barka da war haka. Ai abin da kuke yi a 'yan mitocin sama shi ne ainihin dalilin cikon, kawai a nan ana yin sa ne a dukkan tsawon ramin. Ni a Amurka nake wannan aikin, bari in ɗan yi bayani.

Duk ramin da aka haƙa ya huda shimfiɗun ƙasa da Allah Ya raba su. Wata shimfiɗar tana ɗauke da ruwan sha mai kyau, wata mai gishiri, ta sama kuma tana iya ɗauke da taki da maganin feshi da abin da ya tsiyayo daga shadda. Idan aka bar ramin a buɗe ya zama hanya tsakaninsu. Wannan shi ne aikin ciko na farko, kuma shi hukuma ta damu da shi. Jihohi da yawa a nan sun sa ƙa'ida cewa kada saurin ratsawar ruwa ta cikin cikon ya wuce 0.0000001 na santimita a daƙiƙa. Idan ka lissafa, wajen santimita uku ke nan a shekara.

Aiki na biyu shi ne ya miƙa zafi tsakanin bututu da bangon rami. To a nan rigimar take, domin bentonait gwani ne a na farko, rago ne a na biyu. Kwaɓinsa zalla yawanci kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ne gari, sauran duk ruwa ne. Ƙarfin wucewar zafi a cikinsa wajen 0.7 ne a ma'aunin wat ga kowace mita ga kowane digiri. Ruwa kansa 0.6 ne. Dutsen da ke kewaye kuwa, idan giranit ne, wajen 3. Ka ga ka sa bututunka a cikin dutse mai saurin karɓar zafi, sannan ka naɗe shi da abin da ke hana zafin wucewa. Shi ya sa muke haɗa shi da yashin silika mai laushi. Buhu ɗaya na bentonait kan ɗauki yashi har ninki takwas na nauyinsa, a kai shi kusa da 2. Yanzu kuma garin girafait, wato irin abin da ke cikin bakin fensir, yana ta karɓuwa, domin kaɗan ake sawa kuma ba ya cin famfo kamar yashi.

Baba Mai Burtsatse: Allah Ya ƙara sani, Hajiya. To in an kai shi 2 ɗin me aka ci?

Hajiya Injiniya: An rage tsawon haƙa, Baba. Idan zafi na wucewa da sauƙi, mitoci kaɗan sun isa su yi aikin da da sai an ƙara. A gida ɗaya ba wani abu ba ne. Amma jami'ar Ball State da ke jihar Indiyana ta haƙa ramuka sama da 3,000 lokacin da ta daina ƙona gawayin kwal. A irin wannan aikin, ko mita biyar aka rage a kowane rami, kai da kake sayen gas ka san kuɗin da aka tsira da shi.

Bagobiri: Ni ban yarda a yi ta kambama bentonait ba. Ɗan Fagge, kai da kake kudancin Jamus, ai ba ka da nisa da garin Staufen. Ka je ka ga tsagar da ke jikin gine-ginen tsakiyar garin, sannan ka dawo mu yi maganar ciko.

Ɗan Fagge: Na sani, Yaya. Shi ne misalin farko da ake ba mu a aji.

'Yar Dikwa: Mu da ba ma ajin a ba mu labari mana.

Bagobiri: A shekarar 2007 aka haƙa ramuka bakwai a bayan ginin majalisar garin, zurfinsu ya kai mita 140, don a ɗumama ginin. A ƙarƙashin garin akwai shimfiɗar wani dutse da ake kira anhaidirait, wanda ya yi shekaru aru-aru ruwa bai taɓa shi ba. Ƙasa da shi kuma akwai ruwa mai matsi, irin wanda ke hawowa da kansa idan ya sami hanya. Haƙar ta ba shi hanya, cikon kuma bai toshe ta ba. Anhaidirait idan ya sha ruwa jifsam yake komawa, irin wanda ake silin da shi, kuma girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 60 cikin ɗari. Cikin 'yan makonni bango ya fara tsagewa. Da farko ƙasar na tasowa wajen santimita ɗaya a wata. Gidaje sama da 250 suka lalace, kuma a wasu wuraren tasowar ta haura rabin mita. Sai da aka koma aka ɗura siminti a ramukan, aka kuma kafa famfuna suna zuƙe ruwan ƙasa don a rage masa ƙarfi, sannan abin ya lafa, ba wai ya tsaya cak ba. Wani ƙauye a Faransa mai suna Lochwiller ma ya gamu da irin wannan. Ka ce wa mutanen da suka ga haka su dogara da laka mai taushi?

Hajiya Injiniya: Malam Bagobiri, labarin da ka bayar haka yake, amma hujjar ba ta kai inda kake so ta kai ba. Ba bentonait zalla aka cika ramukan Staufen da shi ba, akwai siminti a kwaɓin. Darasin wurin shi ne an huda shimfiɗar da bai kamata a taɓa ba, kuma toshiyar ba ta kama ba. Shi ya sa bayan haka jihar Baden-Württemberg, inda Staufen yake, ta taƙaita haƙa a inda irin wannan dutsen yake, ta kuma tsaurara sa ido kan yadda ake ɗura cikon. Ba canza buhu kawai suka yi ba.

Bagobiri: Na ji, amma ki amsa mini wannan. Ruwa mai matsi yana hawowa a rami, kin zuba kwaɓin bentonait mai nauyin da bai fi na ruwa da yawa ba. Ba zai wanke shi ya yi hanya a ciki ba? Kwaɓin siminti da yashi ya kusa ninka nauyin ruwa, ya danne shi, sannan ya daskare.

Hajiya Injiniya: A wannan yanayin ni ma siminti zan sa. Ba wanda ke musun haka. Haka ma inda ruwan ƙasa ke da gishiri ko sinadarin kalsiyam da yawa, domin suna hana bentonait kumbura, kuma kumburin nan shi ne duk ƙarfinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da siminti waliyyi. Siminti zalla yana ƙanƙancewa idan ya bushe. Yana fitar da zafi lokacin daskarewa, ga bututun roba a tsakiyarsa. Sannan ba ya manne wa roba sosai: idan ruwan cikin bututu ya yi sanyi robar ta tsuke fiye da simintin, sai a sami 'yar siririyar kafa a jikin bututun tun daga sama har ƙasa. Bentonait yana da laushi, yana bin bututun duk yadda ya motsa. Saboda waɗannan matsalolin ne cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York ta fito da wani haɗi a ƙarshen shekarun 1990, ana ce masa Mix 111: siminti da yashin silika da ɗan bentonait da wani sinadari mai sa kwaɓi ya yi ruwa-ruwa ba tare da an ƙara masa ruwa ba. Yana kai wa wajen 2.4. Ka lura, ko a can ɗin ba su iya barin bentonait gaba ɗaya ba.

Ɗan Fagge: Haka buhunan nan ma suke, Anti. Siminti, garin dutse, yashi, da ɗan yumɓu. Malaminmu ya ce babban dalilinsu shi ne ƙanƙara. A nan ana zuba maganin hana daskarewa a ruwan bututu, don haka a tsakiyar hunturu yana iya sauka ƙasa da sifili. Cikon da ke jikin bututun ya daskare ya narke, ya daskare ya narke, in ruwa ya yi masa yawa sai ya farfashe. Har gwaji na musamman ake yi wa kwaɓin a kan haka kafin a amince da shi.

Malam na Suwidin: Ina ta karantawa ina murmushi. Mu a nan yawancin ramukan ba a cika su da komai.

Baba Mai Burtsatse: To fa! Ga wani sabon salo.

Malam na Suwidin: Gaskiya ce, Baba. Suwidin na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan irin waɗannan ramukan, dubban ɗaruruwa ne. Ƙasar tasu dutse ne mai tauri, giranit da danginsa, ƙasa mai laushi kaɗan ce a sama. Ƙa'idarsu ita ce a sa kesin ƙarfe aƙalla mita shida, biyu daga ciki a cikin dutsen kansa, a toshe tsakaninsa da dutsen da siminti. Daga nan zuwa ƙasa ruwan ƙasa ne ke cika ramin da kansa. Kuma yana aiki da kyau, domin ruwa sakakke yana motsi: wanda ya ɗumama ya hau, mai sanyi ya sauka, yana kwasar zafi yana kaiwa bango. Ana cikawa ne inda ake tsoron ruwan gishiri, ko kusa da inda gari ke ɗiban ruwan sha, ko ƙasar da ta gurɓace. Don haka tambayar Ɗan Fagge ba ta da amsa sai an faɗi irin ƙasar da ake hudawa. Amurkawa na da bentonait mai kyau a jihar Wyoming, mai sodiyam, mai kumbura ninki goma ko fiye, ga shi da arha a wurinsu, ga ramukansu da yawa a ƙasa mai shimfiɗu. Dole su so shi.

Bagobiri: Ba don arha kawai za a bar su ba. Hajiya, faɗa musu abin da aka gani a Nebraska.

Hajiya Injiniya: Zan faɗa, ba abin ɓoyewa ba ne. A farkon shekarun 2000 aka yi wani nazari a jihar Nebraska. Sun haƙa rijiyoyi suka sa kesin roba garai-garai wanda ake ganin bayansa, suka cike da kwaɓi iri-iri, sannan suka riƙa zura kyamara suna kallo tsawon shekaru. Daga baya suka zuba ruwa mai launi daga sama don su ga inda zai kai. A ƙasa da matakin ruwa, inda kullum a jiƙe yake, bentonait ya riƙe da kyau. A sama kuwa, inda ƙasa ke bushe, ƙasar ta tsotse ruwan kwaɓin, ya tsattsage, launin ya bi tsagar ya gangara. Wannan nazarin ya girgiza masu sana'ar a nan ba kaɗan ba.

'Yar Dikwa: Wannan ai ba sai an zura kyamara ba, a zo a tambaye mu. Firgin wajenmu, baƙar ƙasar yumɓun nan, da damina ko digon ruwa ba ya ratsa shi, tafki yake zama. Da rani kuwa ya dare har ƙafar akuya na faɗawa. Yumɓu mai kumbura duk halinsa ɗaya.

Hajiya Injiniya: Kin gama magana, ƙanwata. Dangin ma'adini ɗaya ne ma a cikinsu. Kuma ki ƙara da cewa a ramin sanyaya gida bututun na zuba zafi a cikon wata da watanni, yana ƙara busar da shi.

Baba Mai Burtsatse: To ni yanzu tambayata ta koma gida. Idan wani mai kuɗi a Kaduna ko Kano ya ce in yi masa wannan don ya huta da kuɗin wutar na'urar sanyaya ɗaki, zai yiwu?

Malam na Suwidin: Zai yiwu a haƙa, amma lissafin ba irin na nan ba ne. Zafin can ƙasa yana bin matsakaicin zafin iskar wurin na shekara, da ɗan ƙari. A Kano matsakaicin wajen digiri 26 ne, don haka ƙasar za ta kusa 28. A Afrilu, iska na 40 ko fiye, zuba zafi a ƙasa mai 28 ya fi sauƙi, inji zai ci wuta kaɗan. Matsalar ita ce a Turai abin da ka zuba lokacin zafi kana kwashe shi da hunturu. A Kano wa zai kwashe? Sanyin Disamba da Janairu bai kai a ɗumama gida da inji ba. Shekara bayan shekara kana zubawa, ƙasar da ke kewaye da ramin tana ƙara ɗumi, ribar tana raguwa. Sai dai a ƙara yawan ramuka a nisanta su, ko a haɗa da wata hanyar fitar da zafin, kamar dafa ruwan wanka a otal ko asibiti. Ga kuma abin da Hajiya ta faɗa: inda ruwa ke da nisa, mitoci da yawa na sama a bushe suke, nan ne bentonait zalla ya fi rauni.

Bagobiri: Ka ga an dawo kan maganata.

Hajiya Injiniya: An dawo kan rabinta. Yashi mai yawa a cikin bentonait yana rage tsagewar, domin ƙwayoyin yashin suna tokare juna.

'Yar Dikwa: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ana shigo da bentonait daga waje alhali muna da shi a Borno da wajen Pindiga a Gombe. Me ya hana a yi amfani da namu?

Ɗan Fagge: Na ɗan karanta a kan wannan, Yaya. Yawancin namu mai kalsiyam ne, ba ya kumbura kamar mai sodiyam. Ana gyara shi ta hanyar cuɗa shi da sodiyam kabonet, sodiyam ɗin ya maye gurbin kalsiyam. Turawa ma haka suke yi wa nasu, domin yawancin na Turai mai kalsiyam ne.

Baba Mai Burtsatse: Wannan sodiyam kabonet ɗin ba shi ne a cikin kanwa ba? Wani yaro da ya yi aiki da ni ya taɓa faɗa mini haka.

Ɗan Fagge: Yana ciki, Baba, shi ya sa take laushin wake. Sai dai kanwar kasuwa haɗe take da gishiri da yashi da wasu abubuwa, kuma kowane dunƙule da nasa yawan. Gishirin kuma shi ne abokin gabar kumburi. Sai an tace ta an auna kafin a ce za a dogara da ita a rami. Amma a matsayin aikin bincike na ɗalibi a Maiduguri ko Zariya, wallahi abu ne mai kyau.

Hajiya Injiniya: Kafin a watse, akwai abin da ya fi duk wannan gardamar buhu muhimmanci a wurina, kuma Baba zai fi kowa gane shi. Yadda ake ɗurawa. Ba a zuba ciko daga bakin rami. Ana ɗaure wani bututu na daban tare da na zafin a zura har ƙasa, famfo ya tura kwaɓin ta cikinsa, ya cika daga ƙasa yana hawowa yana koro ruwa da laka, har sai abin da ke fitowa a sama ya yi kauri ɗaya da abin da ke cikin injin kwaɓi. Wanda ya zuba daga sama, kwaɓin zai maƙale a tsakiya ya bar kogo a ƙarƙashinsa, kuma ba mai gani. Na taɓa zuwa duba wani aiki inda ma'aikatan suka tsinka kwaɓin da ruwa don famfonsu ya huta. Takardar buhun na cewa abu kaza, abin da ke cikin ramin kuwa ruwan laka ne.

Hanya mafi sauƙi ta kama irin wannan ita ce lissafi. Ɗan Fagge, rami mai faɗin milimita 150, zurfin mita 100, da bututu huɗu masu milimita 32, biyu na sauka biyu na dawowa, kamar yadda kuke yi a Jamus. Lita nawa zai ci?

Ɗan Fagge: Ramin kansa wajen lita 1,770. Bututu huɗun sun cinye wajen 320. Saura 1,450.

Hajiya Injiniya: Madalla. Idan aka ce maka an cika shi da lita 900, akwai kogo a ciki. Idan ya sha 3,000 bai cika ba, akwai tsaga a dutsen da ke shanye shi, sai a tsaya a toshe ta da wani abu mai kauri kafin a ci gaba. Kuma a koma washegari a duba, domin yakan sauka, a ƙara masa.

Ɗan Fagge: A nan har garin ƙarfe mai jan maganaɗisu ake sawa a wasu kwaɓin. Sai a zura 'yar na'ura ta cikin bututun zafin, tana nuna inda ciko ya kai da inda babu, ko bayan shekaru.

Baba Mai Burtsatse: Wannan na'urar ita nake so, ba don ɗumama gida ba. Da za a zura ta a rijiyoyin da ake haƙawa a unguwanninmu dab da shadda, da an ga waɗanda ko buhu ɗaya na siminti ba a zuba musu a wuya ba. Mai gida ya ga ruwa ya fito ya yi murna ya biya, bayan wata shida yara na ta gudawa.

Bagobiri: Baba, na'urar ba za ta ga komai ba sai an sa garin ƙarfen a cikin simintin tun farko. Wanda bai zuba siminti ba kuwa ai ba zai sayi garin ƙarfe ba.

Baba Mai Burtsatse: To shi ke nan, mu koma ƙirga buhu. Hajiya, in ba damuwa ki turo mini yadda ake wannan lissafin litar, amma na ramin inci takwas da kesin inci biyar, mita goma na sama.

Hajiya Injiniya: Wajen lita 200 ne, Baba, in bangon ramin bai zube ya ƙara faɗi ba. A kwaɓin siminti zalla, buhu biyar zuwa shida ke nan. Zan turo maka lissafin dalla-dalla bayan Isha'i a lokacinku.